Sandunan Mista Bitrus Guda Biyu

Haƙƙin ma'aikaci ne, idan ya rasu, a mayar wa iyalinsa abin da yake nasa. Ba a sauke wannan nauyi ba a kan marigayi Mista Bitrus, mai kula da kwamfutar ofishinmu a Gumel, kuma na gaji da faɗa da baki.

Kun san shi, ba ya yarda da abu tilo. Ƙwai biyu, biro biyu, tabarau biyu. Wata rana za mu Gagarawa, ya zagaya motar haya, ya ga tayoyin gaba ba iri ɗaya ba ne, ya ƙi shiga. Direba ya ce, "Oga, auren motar za ka yi?" Ya ce, "Ko aure ai sai an duba dacewa." A tasha muka yini.

Da ɗaya daga sandunan memori biyu, wato ƙwaƙwalwar inji, na kwamfutar cinya ta ofis ta ƙone, aka sayo wata ƙatuwa daga Kano. Ya juya ta kamar an miƙa masa takalmi wari ɗaya.

"Malam Sani, ka taɓa ɗaura wa shanu karkiya?"

Na ce ni ma'ajin takardu ne.

"To, saurara. Injin nan ta hanya biyu yake ɗebo bayani a lokaci guda. Sanduna biyu yake so, girma ɗaya, gudu ɗaya. Ka haɗa ƙato da ramamme, da tafiyar ramammen za a yi huɗa, in ma an yi."

Ranar kasuwar Maigatari har wurin shanu ya ja ni, ya maimaita wa wani dillali wannan karatu. Dillalin ya saurara tsaf, sannan ya raɗa mini, "Ya daɗe da ciwon?"

Aka ƙi sayo wadda ta dace. Sai ya buɗe tasa kwamfutar, irin ta ofis sak, ya zare sandunanta ya sa mana. Na ce ya bar wa kansa ɗaya. Ya dube ni da tausayi.

"Ba a raba su."

Tun ranar tasa ba ta ƙara tashi ba. A kanta 'yarsa Rahila take koyon buga rubutu, tana danna haruffa, fuskar injin baƙa ƙirin.

Don haka ina roƙo a bincika, a sayo wa ofis nasa, a mayar wa Rahila na mahaifinta, duka biyun, rana ɗaya. Allah Ya sa ya huta, Ya ba matarsa haƙuri, ita da aka bari ita kaɗai.