Tuwon 'Yan Dako

Tun lokacin korona aka ƙulla maganar, sa'ad da kowa ke kulle a ɗaki a Doha, maza ba abin yi sai surutu a waya. Shugaban ƙungiyarmu, wani Alhaji mai yawan karance-karance, ya ce in Allah ya kai mu gasar ƙwallon duniya za mu yi liyafar fatake, mu nuna wa baƙi yadda kakanninmu ke ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano. 'Yan Zongo na Ghana suka yi murna, namu na arewa ma haka. Ni da ko ƙofar gida ban cika leƙawa ba, aka ce ni ce mai girki.

Ana saura mako guda, Alhaji ya zo gidanmu a Al Wukair da takardarsa. Ba magi, ba tumatirin gwangwani, ba shinkafa. Na ce to. Sai ya ce madugu da attajirai za su ci nama, 'yan dako kuwa tuwo da miyar kuka ba mai, a tabarma daban, don haka tarihi ya nuna.

"Alhaji, su wa za su zama 'yan dakon?"

"Masu gadinmu mana. Sun fi kama."

Mutanen da ke yini a tsaye a ƙofar filin wasa, wata da watanni ba su ga komai ba sai shinkafar kamfani. Ranar hutunsu guda za su zo su ɗauki kaya a ka, su kalli 'yan ofis na yagar nama.

"To a zamanin, wa ke girkin?"

Ya ɗan yi gyaran murya. "Kuyangi, Hajiya."

"Madalla. Na ji nawa matsayin."

Bai san kakar uwata a irin wannan ayari aka kawo ta ba, kuma ba goro ta zo sayarwa ba.

Maigidana ya sayo rago, ya biya kasuwar Abu Hamour ya ƙaro albasa. Ranar liyafar, na yi abin da uwata ke yi in tana son ɗa ya ci ba a gani ba: kowane kwanon ɗan dako na shimfiɗa tsoka a ƙasa, na danne da malmala, na kwarara kuka a sama. Kwanon madugu kuwa ya sha romo, da wuya, da ƙashi.

Wani mai gadi ɗan Kumasi ya luma hannu, ya tsaya, ya ɗago ido.

"Mama, tuwon nan..."

"Ci kawai, khalas. Tarihi ne."

Suka sunkuyar da kai, suka duƙufa ci. Alhaji, cikin rawanin madugu, ya nuna su ga baƙi ya ce su dubi irin haƙurin mutanen da. Sannan ya zauna, ya yi ta laluben romo, ya kira ni a hankali.

"Hajiya, ragon nan ba shi da cinya ne?"

"Hanya ta yi nisa, madugu. Ramewa ya yi."