Jar Akuya Marar Ido

Shekarun baya, a damanar da kogi ya hau ya shigo unguwarmu ta Gamkalley a Niamey, na rasa garkata da ɗakunana cikin yini guda. Ba wanda ya rasu a gidana, alhamdu lillahi. Mun fita ni da matata da ƴarmu, wadda lokacin ba ta isa shiga lakwal, wato makaranta, ba, da tabarmi da tukwane da abin da hannu ya iya ɗauka. Ƴar akuyar yarinyar ce kawai ba mu fita da ita ba. Ruwa ya tafi da ita a gaban idon mai ita.

Yayana ne ya ɗauke mu. Ɗan kasuwa ne a Boukoki, yana sayar da kayan gini, mutum mai yawan ibada da ƙarancin magana. Ya kwashe kayan da yake ajiyewa a wani ɗaki ya ba mu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku zauna har ruwa ya janye. In bai janye ba, ku zauna."

An san ni da haƙuri, kuma duk wanda ya taɓa shuka karoti ya iya jira. Amma ashe ban iya zaman banza ba. Da asuba hannuwana sukan tashi suna neman bokitin ban-ruwa, su rasa. Na share tsakar gidan yayana har matarsa ta roƙe ni in bar musu ƴar ƙasa. Na gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ta lalace. Kullum sai in taka da ƙafa daga Boukoki har bakin kogi, in tsaya in kalli inda garkata take ƙarƙashin jan ruwa, in juyo. Yayana ya gwada zaunar da ni a kantinsa, amma lokacin ban fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba, duk gwangwanaye iri ɗaya ne a idona. Da na miƙa wa wani magini fenti alhali abin manne ya nema, sai yayana ya ce a hankali, "Je ka huta." Wannan da kuke karantawa ma ni na rubuta da hannuna, kuma kada ku tambaye ni tsawon lokacin da ya ɗauke ni.

Nawa rashin sukunin mai sauƙi ne in aka gwada da na yarinyar. Ta daina wasa. Tana riƙe da bakin zanen uwarta ko bayan gida za ta shiga. Barci ba ya zama a idonta. In aka zubar da ruwan wanki a tsakar gida sai ta haye kan turmi ta ƙanƙame jikinta. Kuma kowace safiya tambayarta ɗaya ce: "Baba, akuyata ta ci abinci?"

A tsallaken gidan akwai wani tela Bazabarme da muka saba. Nakan zauna a bencinsa ina kaɗa ƙafa, har wata rana ya tsayar da keke ya dube ni.

"Mai garka, ƙafar nan taka tana karkata min ɗinki. Ko ka tafi, ko ka yi aiki."

Ya jefo min allura da zare da buhun ƙyallayen da yake sharewa. Na ce me zan yi da su. Ya ce, "Haɗa su. Duk abin da ya fito, kai ka sani."

Haka na fara. Guntun atamfa, guntun shadda, guntun kaki, ina yanka su daidai ina jerawa layi-layi, ina barin siririn baƙi a tsakaninsu. Yatsuna sun saba da laka da hauya, allura ta sha jinina sosai. Da abin ya yi faɗin tabarma telan ya ɗaga shi sama ya yi ta dariya. Ya ce, "Dubi, fangali ne ya jera, har da hanyar ruwa. Kai ko tsumma aka ba ka sai ka shuka ganyen salati." Na duba, gaskiyarsa ce. Na sa masa tsohon zane a baya na bi shi da ɗinki, ya zama mayafi mai nauyi. Tun da muka bar gida, ranar ce na fara zama wuri ɗaya daga hantsi har azahar.

Ina cikin mayafi na biyu tunanin akuya ya zo min. Na gwada da atamfa, amma da na zo ƙafafu sai bakin yadin ya yi ta zarewa. Telan ya leƙo, ya buɗe wani kwali ya ciro tsohuwar jar hula dara da asu ya ci gefenta.

"Yanka wannan. Ba saƙa ba ce, ulu ne aka danne. Ko yaya ka yanka ba ta zarewa."

Na yanka, kuma kamar yadda ya faɗa, bakin ya tsaya cak. Na fitar da jiki da kai da kunnuwa, na cusa mata tsummoki, na sa baƙaƙen maɓallai biyu a wurin ido. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Telan ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan akuya ce ko kujerar tsakar gida?" Na ce mai ita ce za ta faɗa.

Yarinyar ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ta shinshina ta. Ta ce, "Ta yi ja." Na ce rana ta sha. Ta sa ta a hammata ta tafi, kuma da ɗaya hannun ba ta kama zanen uwarta ba. A makon nan ta fara barci. Uwarta ta samu ta yi daka ba tare da ana jan ta ba. Tambayar safe ma ta ɗauke, don yanzu ita ke ba akuyar abinci da ganyen dogon yaro.

Wata rana bayan la'asar yayana ya dawo ya tarar da akuyar a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya ɗauka ya juya ta, ya kira ni.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Da hannunka?"

Na ce e. Ya ce, "Ka san abin da ake faɗa a kan mai ƙera siffar abu mai rai. Ga ido, ga kunne, ga baki. Ni ba zan iya kwana da wannan a gidana ba. Ko a fitar da ita, ko a cire mata kai. Haka na ji ana yi."

"Yaya, yarinya ce."

"Na sani. Ita ba ta da laifi. Kai nake ji wa tsoro."

Da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi. Amma ba faɗa a muryarsa, tsoro ne na gaskiya. Shi ya yi karatu, ni ban yi ba. Kuma tun da mahaifinmu ya rasu ban taɓa ce masa a'a ba.

Matata ta ji komai daga bakin murhu. Da muka keɓe ta ce, "Malam, in aka yanke kan akuyar nan, ni ba zan iya da yarinyar nan ba. Ta ga ɗaya ta tafi, ba za ta ga ta biyu ba. Gara mu koma lakwal inda aka tara mutane." Na san wurin. Iyalai cunkushe a aji ɗaya, sauro, ga hutu ya kusa ƙarewa za a ce kowa ya tashi. In bar gidan ɗan'uwana saboda tsohuwar hula, me zan ce wa dangi? In kuma zauna in karɓe wa yarinya abin da ya dawo mata da barci, me zan ce mata?

Kaɗa ƙafa ya dawo. Na koma yawon bakin kogi, wani lokacin in tafi in dawo in sake tafiya. Akuyar kuwa matata ta ɓoye ta cikin ɗaki, ta hana yarinyar fita da ita, ita ma yarinyar ta daina fita. Yayana bai sake magana ba, amma ina ganin idonsa yana zuwa ƙofarmu duk lokacin da ya shigo.

Telan ne ya kawo shawara. Ya ce, "Cire mata ido. Abin da ba shi da ido ai matashin kai ne." Na kai wa yayana maganar. Ya shafa gemu ya ce, "Ban sani ba ko ya isa. Amma cire tukuna."

Na tsinke maɓallan lokacin da uwarta ke yi mata wanka. Na shirya wa kuka, amma ba ta yi ba. Ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Ina idonta?" Na ce, "Na cire su, Mamana." Ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba. Daga ranar sai ta zama ƴar jagora. Tana yawo da akuyar a tsakar gida tana gaya mata hanya: ga dutse, ga murhu da zafi, ga kaza, a hankali.

Ranar da abin ya ƙare, yayana yana alwalar azahar a tsakar gida. Yarinyar ta ajiye akuyar a ƙasa ta je neman ganye. Ruwan alwala ya gangara siriri, ya nufi inda akuyar take. Ni ina zaune da mayafi a cinya, na gani amma ban ɗauke shi komai ba. Sai yarinyar ta sheƙo a guje, ta bi ta cikin ruwan da take tsoro, ta sure akuyar ta haye turmi. Muryarta a kwance take tana magana a kunnen akuyar.

"Ruwa ne. Ke ba ki gani, ni ina gani. Kar ki ji tsoro, wannan karon na ɗauke ki."

Yayana ya tsaya da buta a hannu, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Sannan ya ƙarasa alwala ya fita masallaci. Na bi shi muka yi salla, na dawo, shi bai dawo ba. Na zaga tsakar gidan nan ban san sau nawa ba. Har na ce wa matata ta fara haɗa tukwane, don a raina na gama yanke cewa in ya ce kai ne za a cire, tafiya za mu yi.

Sai gab da la'asar ya shigo. Ya zauna a bakin tabarmata, abin da bai saba ba.

"Na tsaya na tambayi liman," in ji shi. "Ya ce abin wasan yara daban ne, an yi sauƙi a kansa. Ya kuma ce me ya hana ni tambaya tun farko." Ya buɗe tafin hannunsa. Maɓallai biyu ne sababbi, ya biya wurin telan ya karɓo. "Mayar mata."

Na kira yarinyar. Na ce ga Baba Babba ya kawo wa akuya ido. Ta leƙa hannunsa, sannan ta mayar da akuyar bayanta.

"A'a."

"Don me, Mamana?"

"In ta ga ruwa za ta ji tsoro. A bar ta haka."

Yayana ya dube ni, na dube shi. Ya rufe hannunsa ya sa maɓallan a aljihu. Ya ce, "To, mai akuya ta yi magana."

Mun zauna a gidan har ruwa ya janye, muka koma Gamkalley na sake gini na sake shuka. Yarinyar yanzu ta girma, ita ke duba min rubutu in na dawo daga aji. Ɗinkin bai bar ni ba. In na gama ban-ruwan yamma nakan zauna da ƙyallaye da tsofaffin huluna da nake tsinta a kayan bosho, wato gwanjo, in haɗa mayafi, ko in yi jaki, ko dorina, ko raƙumin dawa mai karkataccen wuya. Abokaina a fada, inda muke zaman hira, suna ce min tela marar keke. Ba na sayarwa, ƴaƴan unguwa da jikokin yayana ke kwashewa.

Har yau in hadari ya haɗu ta gabas zama yakan gagare ni, sai na ɗauki allura. Kuma in na tuna kwanakin nan nakan yi wa kaina dariya. Manya uku da tela da liman, kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan idon akuya, na gama yawon Niamey da ƙafa ina neman mafita, amma ba wanda ya tuna ya tambayi mai ita abin da take so. Shi ya sa yanzu in na gama dabba nakan miƙa wa yaro ita haka nan, da maɓallai a ɗaya hannuna, in ce a sa ko a bari. Yawanci sukan ce a sa. Jifa-jifa wani yakan rungume ta haka nan ya tafi, ni kuma ba na tambayarsa dalili.