Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Wata Asabar a gidanmu na Unguwar Sarki, maigidana ya ɗaga tsohuwar motarsa da jak, ya cire tayar gaba, ya shige ƙarƙashi zai canja shokazoba. Tsatsa ta riga ta kama notin da ke riƙe da shi. Ya jiƙa shi da baƙin mai, ya ja da sifana, ko gezau, sai ya koma dukansa da guduma.

Ina kicin ina jin bugun, sai na ji wata ƙara mai nauyi, daga nan shiru. Na fito da ludayi a hannu. Jak ya zame, motar ta karkace, ƙafafunsa kawai nake gani, ba sa motsi.

"Kada ki taɓa motar," na ji ya ce a hankali. "Kirawo maƙwabta."

Ko mayafi ban ɗauka ba na fita a guje. Maza suka taru suka ɗaga, aka jawo shi. Ashe tayar da ya kwantar a ƙarƙashi ce ta tare ƙarfen, saura ƙiris ya sauka a ƙirjinsa.

Shi yana kakkaɓe riga, ni na zube a ƙasa, ban tashi ba har aka kira la'asar.