Ni da Yaya a Tsakiyar Teku

Ina ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Lyon, safar roba a hannuna, aka leƙo aka ce ana nemana a tarho daga Paris. Na tafi da sauri, don Yaya ba ta kirana a wurin aiki haka kawai. Ita ce babbarmu, ni ce auta. Ta riga ni zuwa Faransa da daɗewa, tana zaune a Aubervilliers da mijinta da ƴaƴanta, tana saro shadda da leshi a manyan shagunan unguwar, tana bin mata gida-gida da su har La Courneuve. Ni kuwa karatu ne ya kawo ni, da na gama na samu aiki na zauna. A tsakiyar shekarun casa'in ne wannan, cikin irin sanyin nan da ke sa mutum ya ji haushin fitowa daga bargo.

Ko gaisuwar ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Auta, fasfonki yana da rai?"

"Lafiya, Yaya? Wani abu ya samu Inna?"

"Inna lafiyarta ƙalau. Teku za mu!"

Sai da na sa ta numfasa kafin na gane zancen. Mai shagon da take sari a wurinsa ya yi wa abokan cinikinsa ƙuri'ar ƙarshen shekara, sunanta ya fito. Kyautar kuwa tafiya ce ta mutum biyu zuwa wani otal na alfarma a kan ɗan tsibiri can cikin tekun Indiya, har jirgi da masauki da abinci. Da farko ta roƙi mutumin ya musanya mata da tikitin Yamai, ya ce abin ba ya musanyuwa. Ta je wa maigidanta da maganar, shi kuma ya ce Allah ya tsare hanya, amma shi ba ya zuwa wurin da in rai ya ɓaci ba a iya dawowa gida a ƙafa. Zai riƙe yara, ta tafi da ƙanwarta.

Na aje tarho na koma bakin aikina, amma ranar ban san abin da na auna ba. Mu ƴan Damagaram ne. Ruwan da muka sani muna yara shi ne na tabkin da ke cika da damina, wanda Inna ke zane duk wanda ta ji labarin ya je bakinsa. Ko kogin Rhône da nake ƙetarewa kullum a kan gada, tsakiyar gadar nake bi. Ga shi an ce za mu kwana a ɗakin da aka kafa a kan ruwa.

Wata abokiyar aikina Bafaranshiya ta ce kunya ce in je har can ban iya iyo ba. Ta kai ni pisin ɗin unguwarsu, wurin wankan nan na gwamnati, a lokacin da aka keɓe wa wani rukunin tsofaffin mata masu motsa jiki. Tsofaffin nan suka ɗauke ni kamar jikarsu. Wata ta tallafe mini ƙeya, wata ta riƙe mini ƙafafu, suna ta cewa in saki jikina. Na sha ruwan pisin ɗin nan har na ƙoshi. Amma ranar da na ji sun janye hannuwansu, ni kuma ina kwance a bisa ruwa ban nutse ba, ihun da na yi sai da mai gadin wurin ya taso da gudu.

Ana gobe tafiya na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Na tarar da gidan Yaya cike da mata, kamar mai shirin tafiya aikin hajji. Kowa da tata shawarar: wata ta ce kada mu ci kifin da ba mu san sunansa ba, wata ta ce a kawo mata yashin wurin a kwalba. Balis ɗin Yaya, akwatin tafiyarta, na buɗe a tsakar ɗaki, ta jera kilishi da dambun nama da yaji da buta, don a cewarta ba a san abin da masu kuɗi ke ci ba. Sai ta jawo wani ƙunshi ta jefo mini. Riga ce doguwa da wando da ɗan kallabi, na wani yadi mai santsi da ba ya riƙe ruwa, ita ta ɗinka da kanta. Nawa shuɗi, nata ruwan goro.

"Ashe ke ma za ki shiga, Yaya?"

"Ni? Don hoto na ɗinka nawa. Ƙafata ba za ta taɓa ruwan nan ba."

Mun bar Paris cikin hazo da manyan riguna, muka sauka a wata ƙasa da zafinta ya tarbe mu tun daga ƙofar jirgi. Yaya ta tuɓe rigar sanyinta ta ce, "Yauwa, yanzu na ji ni mutum." Daga nan aka kai mu bakin ruwa, inda wani ɗan ƙaramin jirgin sama ke lilo a kan teku kamar kwalekwale. Shi ne zai ƙarasa da mu. Muna zama Yaya ta damƙe mini hannu.

"Auta, dubi direban. Ba shi da takalmi!"

Gaskiyarta, ƙafarsa tsirara yake taka ƙarafunan jirgin. Ta fara karanto duk addu'ar da ta sani, idonta a rufe. Da muka ɗaga na leƙa taga, sai na fara girgiza ta. Ƙananan tsibirai ne warwatse a ƙasa kamar carbin da zarensa ya tsinke, kowane da farin yashi zagaye da shi, ruwan kuma kala-kala, daga shuɗi mai duhu har wani kore mai haske da ban taɓa ganin irinsa ba. Ta buɗe ido ɗaya, sannan ta buɗe ɗayan. Can sai na ji ta ce a hankali, "Da za a samu shadda mai wannan launi, da ban kwana da ko yadi guda ba."

Tsibirin namu ƙarami ne ƙwarai, mutum na iya zagaye shi kafin shayi ya huce. Bishiyoyin kwakwa ne da yashi mai laushi kamar garin tuwo, sai wata doguwar gada ta katako da ta miƙe cikin teku, ɗakuna jere a gefenta bisa ginshiƙai. Wata mata cikin ma'aikatan otal ɗin ta tarbe mu, ta dubi kallabinmu, ta yi murmushi ta ce, "Assalamu alaikum." Yaya ta kusa rungume ta. Ashe mutanen ƙasar Musulmi ne. Ba ta jin yarensu, matar ba ta jin Hausa, Faransancinta kuma kaɗan ne, amma kafin mu isa ɗaki Yaya ta san ƴaƴanta nawa.

Ɗakin kuwa, ni dai tsayawa na yi a bakin ƙofa. Gado ne da zai ɗauki mu da ƴaƴan Yaya duka, an watsa masa furanni. Bahon wanka yana fuskantar teku. A tsakiyar ɗaki an yanke katakon ƙasa an sa gilashi, kifaye na wucewa a ƙarƙashin ƙafarka. Yaya ta zagaye gilashin nan ta gefe, ta je ta murza zanen gado tsakanin yatsunta, ta shinshina, ta gyaɗa kai ta ce auduga ce zalla, ba algus. Sai a lokacin ta yarda wurin na alfarma ne.

Da za mu yi sallar la'asar muka tambayi matar alƙibla. Ta nuna mana wajen da rana ke shirin faɗuwa, ta ɗan karkata hannu dama. Yaya ta ce in sake tambaya, wataƙila ba ta gane ba. Matar ta sake nuna wurin. Mu da muka tashi gabas ce alƙibla, har in an ce mutum ya dubi gabas an san salla ake nufi, yau ga mu za mu ba gabas baya. Yaya ta riƙe haɓa.

"Auta, kin san me wannan ke nufi? Mun wuce Makka! Mun wuce ta ta sama ba mu sani ba!"

Dariya ta hana mu tayar da salla sai da muka natsu.

Wurin cin abinci a kan yashi yake, ba a sa takalmi. Kifi ne iri-iri da ƴaƴan itatuwa da ban san sunan rabinsu ba. Yaya ta ɗanɗana komai, ta yaba, sannan ta zaro kwalbar yajinta daga jaka ta barbaɗa. Wasu tsofaffi mata da miji a teburin kusa da mu, waɗanda ashe daga Lyon suke, suka tambayi mene ne. Tsohon ya lakata ya sa a baki, fuskarsa ta yi ja, hawaye na zuba, yana miƙo farantinsa a ƙara masa. Tun daga ranar tare muke cin abinci.

Washegari na sa shuɗin kayana, na karɓo tabaron kallon ƙarƙashin ruwa da ɗan bututun numfashi. Bayan ɗakinmu akwai matakala da ke sauka cikin teku, ruwan wurin iya ƙugu. Yaya ta zauna a matakin sama da kayanta ruwan goro, kyamara a hannu, tana ce mini kada in yi nisa. Na sunkuya na tsoma fuskata.

Ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba, har yau. Gari ne guda a ƙarƙashin ruwan. Duwatsu masu rassa kamar itatuwa, kifaye rawaya da shuɗi da masu zane-zane suna shiga suna fita, wasu ƙanana suna tafiya a ayari suna juyawa lokaci ɗaya kamar an ba su umarni. Na ɗago ina haki.

"Yaya, wallahi sai kin gani! Ba zurfi, dubi inda ya kawo mini."

"Ina gani daga nan."

"Ba kya ganin komai daga nan. Tsohuwar nan da muke cin abinci tare ta ce duwatsun dangin murjani ne. A ruwa yake tsirowa."

Murjanin da Inna ke ƙullewa a ƙasan adaka, wanda ba a fito da shi sai ranar biki, Yaya ba ta taɓa tunanin daga ina yake zuwa ba. Ta aje kyamara. Ta sauko mataki ɗaya, ta tsaya, ta ƙara ɗaya. Da ruwa ya taɓa gwiwarta ta ce in na sake ta ba ita ba ni har abada. Na ɗaura mata tabaron, na sa mata bututun a baki, na riƙe hannuwanta biyu. Ta sunkuya.

Sai na ji wata irin ƙara na fitowa ta bututun, gurr-gurr, kamar tulu na cika. Na tsorata na ɗago ta. Ta fizge bututun daga baki.

"Me ya sa kika ɗago ni? Salati nake yi!"

Ta mayar da fuskarta cikin ruwa da kanta. Muna nan tsaye sai ga wani kunkurun teku, faɗinsa ya kai faifai babba, ya taho a hankali yana kaɗa hannuwa kamar tsuntsu. Ya ratsa ta gabanmu, ya juyo da kai ya dube mu da idon nan nasa na tsoho, ya wuce abinsa. Yaya ta saki hannuna ɗaya ta bi shi da yatsa. Can kuma na ji ta saki ɗayan.

Ranar sai da yatsunta suka yi yaushi kafin ta fito. Sauran kwanakin kuwa, da mun idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, za ta tsaya a kaina da tabaro a goshi tana cewa in tashi, kifaye sun fito. Ta raɗa wa wasu suna. Akwai wani mai kumburarren baki da ta ce sak wata mai yi mata gardamar farashi a La Courneuve.

Wata rana da yamma hadari ya taso daga teku, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa kwakwa. Baƙi duk suka ruga ɗakuna. Mu ma mun nufi namu, sai ruwan ya sauko, mai ɗumi, manyan ɗigo, irin na farkon damina a gida. Rabon da ruwan sama mai ɗumi ya taɓa mu tun barinmu ƙasa. Muka dubi juna. Yaya, uwar ƴaƴa, mai shirin aurar da ƴa, ta tattare zanenta ta zura a guje a kan yashi, na bi ta, muna tsalle muna waƙar da yara ke yi wa ruwa a unguwarmu. Ma'aikatan suna ƙarƙashin rumfa suna tafa mana.

Da muka dawo Aubervilliers, tun ba mu kwance kaya ba Yaya ta buga tarho Damagaram, gidan maƙwabcinmu mai tarho, aka je aka kira Inna. Muka haɗa kunnuwa a kan abin magana muna ƙwace zance daga bakin juna: ɗaki a kan ruwa, direba ba takalmi, kunkuru, murjani, alƙibla a yamma. Inna ta saurara har muka gaji. Sannan ta tambaya ko ruwan ya kai girman tabkinmu in ya cika. Yaya ta ce, "Inna, ko kin hau soro ba kya ganin ƙarshensa, ta kowane gefe."

"To, kuma yana da daɗin sha?"

Na ce mata ai gishiri ne, ba a sha.

Ta ce, "Duk wannan ruwa? Allah mai iko." Sai ta ce mu ba ta jikokinta su gaisa kafin layi ya yanke.