Kilishin Harouna a Kan Dutse

Harouna mutumin Maraɗi ne, ɗan mahauta, jikan mahauta. Ya tsufa a unguwar Harlem, can ƙasar waje, yana sayar da kilishi a ƙofar wani shago kusa da masallaci, amma bai taɓa yarda cewa abin da yake sayarwa kilishi ne ba. Naman da aka busar a obin, wato murhun gashi na zamani, in ji shi, fatar takalmi ce aka shafa wa yaji. Rana ke yin kilishi. To ina rana a ɗakinsa na haya a unguwar Bronx, wanda tagarsa ke kallon bango?

Da aka sa bikin 'yarsa Firdaoussi, sai ya yi alkawari a gaban surukai cewa za su ci na gaske, wanda rana ta busar.

Kassim, ƙanen matarsa, yana gyaran ɗakuna a wani masauki can cikin duwatsu, arewa da birni. Shi ya ce, "Yaya, taho. Fili har ka gaji, iska mai kyau, ko ƙuda babu."

Harouna ya ɗauki cinyoyin shanu, ya tafi. Lokacin kaka ne. Itatuwa sun yi ja, sun yi ruwan ɗorawa, dutsen duk kamar an zuba masa manja. Barewa na kiwo a bakin hanya, ba ta ko ɗaga kai. Talotalon daji na yawo kamar masu gidan. Harouna bai zo kallo ba, rana kawai yake dubawa. Abu ɗaya ya ba shi dariya: kwandon shara na ƙarfe, an garƙame shi da kwaɗo.

"Kassim, mutanen nan har shara suke kullewa? Wa zai sata?"

Kassim na sauri, ya yi dariya ya wuce.

A bayan ɗakin ma'aikata Harouna ya yanka naman falle-falle, ya shimfiɗa a kan tabarmi. Ranar kaka ba ta da ƙarfi, amma ya yi haƙuri da ita har naman ya bushe. Ya dama labu, wato ƙullin tunkuza da kayan yaji, ya tsoma kowane falle, ya sake bajewa. Ƙamshin gyaɗa ya cika dajin.

Yana sallar la'asar ya ji huci. Da ya sallame, sai ga wata baƙar dabba, ta fi ɗan maraƙi kauri, ta zauna daɓas a tsakiyar tabarmi tana cusa nama da hannu biyu. Beyar ce. Harouna ya rarumi buta zai yi kanta, Kassim ya riƙe shi ta baya.

"Yaya, za ta kashe ka!"

"Sake ni! Ka ce babu ƙuda. Wannan uwar ƙudan fa?"

"Wallahi na manta. Don ita ake kulle sharar."

"Ka manta! Na tambaye ka da bakina, ka yi mini dariya kamar sakarai!"

Suna tsaye ta cinye, ta lashe kwanon labu, ta shige cikin jajayen ganye ba ta ko waiwaya ba.

Biki ya matso. Harouna ya koma Bronx, ya kunna obin yana zagi ƙasa-ƙasa. Ran walima ya ajiye tiren ya koma gefe, yana jiran a tona shi. Uban ango, shi ma mutumin Maraɗi, ya ɗauki falle ya tauna, ya lumshe ido.

"Alhaji Harouna, ka cika alkawari. Wannan rana ce ta busar da shi, da ci ka sani."

Harouna ya dube shi, ya tashi ya fita waje. Har yau bai yafe wa Kassim ba, bai yafe wa beyar ba, amma haushin surukin nan ya fi ji, mutumin Maraɗi da bai san na rana da na obin ba.