Kwanon Ɗanwaken da Ya Rufe Mana Fim

Ina da ɗan shago a Gaya inda nake tace bidiyo. Yawancin aikin da ake kawo mini na biki ne da suna da saukar karatu, shi ya sa na yi murna ranar da wani abokina, malamin firamare a Ajingi, ya shigo da fim ɗin da ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo ta ɗauka. Shi ya rubuta labarin, shi ne kuma darakta. Amma ya zauna a benci yana ta juya hula a hannu, daga gani akwai magana.

Labarin na wa da ƙani ne da suka saɓa a kan iyakar gona bayan rasuwar mahaifinsu. An ɗauki komai a wata gonar gyaɗa a Toranke, saura fitowar ƙarshe inda za su shirya. Sai wanda ya fito a matsayin wan ya samu aikin tuƙi a Kudu, ya tafi, ba ranar dawowa. Ga damina ta wuce, an tuge gyaɗar, gonar ta zama fili. Abokina ya ce ko dai mu rubuta a allo cewa daga baya sun shirya. Na ce ya bar mini kayan tukuna in kalla.

Na zauna na kalli duk abin da suka ɗauka, har wanda aka ɓata. A nan na ci karo da wani guntu da ba wanda ya san da shi. An tafi hutun cin abinci, mai kyamara ya manta bai kashe ta ba. Sai ga ƙanin, da kayan wasan a jikinsa, ya ɗauko kwanon ɗanwake ya nufi gindin ɗorawa inda wan ke zaune yana fifita da malafa. Ya ajiye, ya zauna, suka sa hannu. Can ƙanin ya tura ƙwan da ke kai zuwa gaban wan. Wan ya ɗago ya dube shi, ya yi dariya, ya raba ƙwan biyu.

Hirar ƙwallo suke yi, sai na cire muryarsu gaba ɗaya, na sa ƙarar iska da kukan kurciya da na samo daga wata fitowar. Kafin kwanon, na sa wan yana tafiya shi kaɗai a kan iyakar gonar, na bar shi ya ɗan daɗe don mai kallo ya ji nauyin abin. Bayan raba ƙwan kuma na sa fuskar matar da ta fito a uwarsu, tana tsaye bakin zaure tana murmushi. A zahiri akuya take kallo tana cin takardar darakta.

Da abokina ya zo na kunna masa, ya kalla har hoton ya ɗauke. Sannan ya juyo ya ce, "Yaushe muka ɗauki wannan?"

Na ce, "Kuna cin abinci."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce in sake mayar masa baya.

An nuna fim ɗin a wani gidan kallon ƙwallo a Ajingi, ranar kasuwa bayan la'asar. Mutanen Toranke da na Gafasa suka cika wurin, na laɓe a baya ina kallon ƙeyoyinsu. Duk tsawon fim ɗin ana surutu, ana nuna wane da wane a ciki, amma da ƙanin ya ɗauko kwano sai wuri ya yi tsit. Da aka raba ƙwan, wani daga gaba ya yi kabbara, aka ɗauki tafi.

A waje wani dattijo ya riƙe hannun ƙanin ya ƙi saki. Ya ce masa, "Yaro, ka yi hankali da ka ba yayanka ƙwan nan. Haka ake yi."

Ƙanin ya rusuna ya ce, "Na gode, Baba." Sai da dattijon ya yi nisa ya raɗa mini cewa shi fa tun yana ƙarami ba ya cin ƙwai, ƙaiƙayi yake sa shi.

Mun tura wa wan fim ɗin ta waya. Washegari ya kira abokina daga wata tasha, ana jin ƙugin manyan motoci a bayansa. Ya ce ya tara direbobi sun kalla, kowa na yaba yadda ya iya nuna yafiya ba tare da ya buɗe baki ba, shi kuma bai musa musu ba. Abokina ya miƙo mini wayar, muka gaisa, wan ya ce idan ya zo hutun salla a ajiye masa wata rawar da zai taka a fim, amma wannan karon a faɗa masa in kyamara na kunne.