Tef Ɗin Tela

Tela muke ce mata a asibiti, ba don tana ɗinki ba. Tef ɗin awo ne ba ya barin aljihunta. Duk wanda aka kawo ɗakinmu ya bugu a ciki, hanta ko saifa ta tsage, likita ya ce a sa ido tukuna kada a yi gaggawar yanka, sai ta ɗiga masa biro a gefen cibiya, ta riƙa auna cikin duk bayan awa ɗaya. Wai in jini na taruwa a ɓoye, tef zai tona.

Tare muka yi makarantar koyon jinya. Ni na zo ta ɗaya, ita da ƙyar ta haye. Amma yau shekara goma sha tara, ita majinyata ke nema, ni kuwa "waccan mai tabarau". Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Sunan ma ni na laƙaba mata don a yi dariya, sai ya zame mata ado.

Wata Talata da hantsi aka kawo ƙanena, wanda kafinta ne, ya faɗo daga saman rufi. Hoto ya nuna saifarsa ta ɗan tsage, likita ya ce a kwantar da shi a lura. Kafin in iso har Tela ta ɗiga bironta ta auna. Na ce ta bar mini ɗan'uwana, ba riga za a ɗinka masa ba. Da nishinsa ya dame ni, na yi masa allurar kashe zafi, ban rubuta a kati ba. Ya yi luf, na ce sauƙi ya samu, na fita cin abinci.

Ina dawowa na tarar ana tura gadonsa ɗakin tiyata. Ashe ta faki idona ta sake aunawa. Cikin ya ƙaru da yatsa biyu, zuciya na gudu. Ta ja ni gefe.

"Me kika ba shi? Mai irin wannan cikin ba ya barci haka."

Na faɗa mata. Likita kaɗai ta gaya wa, ba ta sake tayar da zancen ba har yau. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Aka cire saifar, aka ƙara masa jini leda huɗu. Da ya farfaɗo hannunsa na cikin nawa. Ya dube ni, ya leƙa bayana.

"Yaya, ina Tela? Ki ce ta zo ta auna ni."

Na tashi na je na kira ta.